Allurar insulin da aikin gona

A ƙauyukanmu na Tasawa da Mayahi, wanda likita ya ɗora wa allurar insulin saboda ciwon sukari, damina ce ta fi masa haɗari. Manomi ya yi allura da asuba, ya saɓa hauya ya nufi gona bai karya kumallo ba. Sai sukarin jininsa ya faɗi: jiki ya ɗau rawa, zufa ta karyo, ido ya yi duhu. Wani har ya suma.

Mu riƙa gwada jini kafin allura. In na'ura ta nuna ƙasa da 70, a sha dunƙulen sukari 3, a sake gwaji bayan minti 15, a ci abinci. Kada mu canza awon allura sai da izinin likita. Kwalbar kuwa, a ajiye ta gindin randa, inda rana ba ta kaiwa.