Huda Dutse Ba Ya Tabbatar Da Tsaftar Ruwa

Idan aka gama haƙa rijiyar burtsatse a Kano ko Zariya, sau da yawa mai gida yakan ce hankalinsa ya kwanta, tunda sai da injin ya huda dutse kafin ruwa ya fito. A ganinsa dutse ya tace ruwan, zurfi kuma ya raba shi da ƙazantar sama. Maganar tana da tushe, domin ruwan da ya ratsa yashi da laka a hankali yakan bar ƙwayoyin cuta a hanya, da yawa su mutu kafin su iso.

Sai dai abin da ke ƙarƙashin waɗannan garuruwa fa ne mai tauri. Ruwa ba ya ratsa jikinsa, tsagoginsa yake bi. Tsagar da ba ta fi kaurin farce ba buɗaɗɗiyar hanya ce, kuma idan faɗinta ya ninka sau 2, ruwan da take ɗauka yakan ninka sau 8. Tafiyar da za ta ci shekaru a cikin laka, kwanaki kaɗan sun ishe ta a tsaga. Ina lokacin tacewa?

An ga haka a Walkerton, wani ƙaramin gari a Kanada, cikin watan Mayun 2000. An yi ruwan sama mai yawa, ya kwashi ƙwayoyin cuta daga kashin shanun da aka zuba taki a wata gona, ya bi tsagogin dutse zuwa rijiyar gari. Ga shi ba a sa kulorin yadda ya kamata ba. Mutum 7 suka rasu, kimanin 2,300 suka kwanta ciwo.

Wani zai ce ai ya bar tazarar mita 30 tsakanin rijiyarsa da masai, yadda ma'aikatan lafiya ke faɗa. Ya kyauta, kada ya fasa. Amma wannan awo ya dace ne da ƙasa mai tacewa. Tsaga ba ta san katanga ba; tana iya haɗa rijiyarka da masan maƙwabcin da ke can bayan layi. Garau ɗin da ruwa ya yi a kofi ma ba hujja ba ce, don ido ba ya ganin ƙwayar cuta.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Ka tsaya a kan mai haƙa ya toshe kewayen bututun da siminti tun daga sama har zuwa dutse, sannan ka kai ruwan ɗakin gwaji, musamman bayan damina ta sauka. Kafin sakamako ya fito, a riƙa tafasa na shan yara.