A Daina Ɗora wa Zanen Goyo Laifin Ƙafar Baka

'Yar yayata ce ta zo Taura yawon arba'in daga Dutse, da jaririnta da ƙatuwar jakar kayansa. Ko gama gaisawa ba a yi ba Inna ta miƙa hannu ta ce, "Ba ni angon nawa in ji ɗuminsa." Ta karɓe shi, ta sunkuya, ta janyo majanyi daga kan igiya. Sai na ga yarinyar nan ta zabura kamar an ce za a jefa shi rijiya.

"Inna, don Allah bar shi a hannu. An ce goyon zani yana buɗe ƙafar yaro, ya tashi da ƙafar baka."

Inna ta tsaya a sunkuye, ta kalle ta ta gefen ido. "Ikon Allah! To ke 'yar nan, wa ya goya ki? Jirgin sama?"

Aka yi dariya, amma yarinyar da gaske take. Ta zaro wata jakar goyo mai igiyoyi da maɓallan roba, ta ce wannan ce ake yayi, wata mai sayar da kayan jarirai ce ta yi bayani a TikTok. Na karɓi jakar na auna wurin zaman yaron da hannuna. Faɗinsa bai wuce yatsu huɗu ba.

Ba ranar na fara jin wannan magana ba, kuma na gaji da ita. Na ji ta a gidan biki, na ji ta a layin awo, na ji ta a cikin mota hanyar Gujungu. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda mai neman cinikin jakarta za ta tsorata uwa da lafiyar ɗanta, ita kuma uwar ta karɓa ba tambaya, har ta dawo tana hana tsohuwar da ta goya 'ya'ya tara taɓa majanyi.

Abubuwan goyon da ke hannun mata a yau ba su da wuyar lissafi. Akwai zani da majanyi da muka gada, wasu kan yi da tawul. Akwai jakar goyo mai siririn mazauni irin ta 'yar tawa. Akwai mai faffaɗan mazauni da ɗamarar ƙugu. Akwai dogon ƙyalle mai talewa da ake naɗawa a ƙirji, sai kuma wadda ake ratayawa a kafaɗa ɗaya yaro yana kwance a ciki kamar an sa shi a buhu. Zan dawo kansu. Bari mu fara gamawa da zancen ƙafar baka.

Kusan kowane jariri da 'yar lanƙwasa a ƙafarsa ake haihuwarsa, saboda irin naɗewar da ya yi a cikin mahaifa wata da watanni. Ɗan da aka haifa a Taura haka yake, ɗan da aka haifa a Landan wanda bai taɓa hawa bayan kowa ba shi ma haka yake. Lanƙwasar ba ta cika fitowa fili ba sai ya fara tsayuwa da tatata, wajen shekara guda. A daidai lokacin ne uwa ke lura, ta waiwaya ta tambayi kanta me ta yi masa, sai ta tuna wata goma sha biyu ta yi tana goya shi. Shi ke nan an sami mai laifi. Amma da ta yi haƙuri, tsakanin wata goma sha takwas zuwa shekara biyu ƙafar kan miƙe da kanta. Wajen shekara uku zuwa huɗu ma sai ta ɗan zarce ta koma kamar gwame, gwiwoyi suna neman haɗuwa, sannan ta daidaita wajen shekara bakwai. Haka Allah ya tsara girman ƙashin ɗan Adam, da goyo ko babu goyo.

Ku yi tunani ma da kanku. In da zani ke lanƙwasa ƙafa, da duk wanda ya haura shekara ashirin daga Ringim zuwa Haɗeja da ƙafar baka yake tafiya, har da likitan da za ki kai wa ƙara. Ku tsaya bakin masallacin Juma'a ku ƙirga.

To yaran da muke gani ƙafarsu ta lanƙwashe sosai, sun kai shekara uku ko huɗu abin sai ƙaruwa yake, fa? Su ba tatsuniya ba ne, akwai su a ƙauyukanmu, kuma yawancinsu ciwon taushin ƙashi ke damunsu. Ƙashi bai sami abin da zai yi ƙwari da shi ba, nauyin jiki ya hau kansa, sai ya tanƙware. A ƙasashen sanyi rashin hasken rana ne ke kawo shi, don rana ce ke sa fata ta samar da bitamin D. Mu nan rana har ta yi mana yawa. Wannan ne ya sa wani likita mai suna Tom Thacher da abokan aikinsa suka bi diddigin abin a Jos, suka wallafa sakamakonsu a 1999. Yara 123 masu ciwon suka raba kashi uku: wasu aka ba su bitamin D kaɗai, wasu kalsiyam kaɗai, wasu duka biyun. Waɗanda suka sami kalsiyam su ne suka fi warkewa. Ma'ana, yaranmu abincin gina ƙashi ne ya yi musu kaɗan. An yaye yaro, an ɗora shi kan koko da safe, tuwon masara da dare, gobe ma haka, ba nono ba kifi. Daga baya masu binciken nan sun gwada garin busasshen kifi da aka niƙa har da ƙashinsa, shi ma ya yi aiki.

Abin takaici a nan shi ne maganin yana zagaye da mu. Fulani na shigo da nono da kindirmo kullum. Riɗi muke nomawa muna loda wa manyan motoci su tafi da shi. Kuka da zogale suna bayan gida, ƙananan kifin Haɗeja suna kasuwa. Maigida zai sayar da buhunan riɗi bai bar ko kwano ɗaya a gida ba, uwa za ta tara kuɗin adashe ta sayi jakar roba, ɗan kuwa ko ludayin kindirmo bai gani ba tun da aka yaye shi. In ƙafarsa ta lanƙwashe sai a ce zani ne. Haba jama'a, mu ji tsoron Allah! Akwai wasu dalilan lanƙwasar ƙafa, irin su cutar da ake kira Blount, da gado, da karayar da aka ɗora ba daidai ba, amma ba su kai wannan yawa ba.

Yanzu ga abin da mai tallar TikTok ba za ta faɗa miki ba. Wannan buɗe ƙafar da take tsorata ki da shi, shi ne ainihin alherin goyon zani. Mahaɗar cinya da ƙugun jariri guringuntsi ce mai taushi, kan ƙashin cinya yana zaune cikin wani ɗan gurbi da bai gama zurfi ba. In cinyoyi suna buɗe, gwiwoyi sun ɗaga sama da mazaunai kamar zaman kwaɗo, kan ƙashin yana shiga gurbinsa sosai, gurbin ya girma yana rungume da shi. In kuwa aka miƙe ƙafafun aka haɗe su tsawon lokaci, ƙashin yana iya gocewa, yaro ya tashi da ɗingishi, ya girma da ciwon ƙugu.

Mutanen Japan sun ɗanɗana wannan. Da can suna naɗe jarirai da ƙafafu a miƙe, gocewar ƙugu ta kai yaro ɗaya zuwa uku da ɗoriya cikin ɗari. A 1975 suka yi gangamin hana wannan naɗi a faɗin ƙasar, abin ya faɗi ƙasa da biyu cikin dubu. A Malawi kuwa, inda mata ke goyo da zani kamar mu, likitocin wani asibitin ƙashin yara a Blantyre sun duba bayanan yara 40,683 da suka gani cikin shekara goma, suka wallafa a 2015. Ba su sami ko jariri ɗaya da aka yi wa aiki saboda irin wannan gocewar ba, har suka yi tambaya ko sauran duniya za ta koyi goyon baya. Ita kanta ɗamarar Pavlik da likitoci ke sa wa jaririn da ƙugunsa ya goce, aikinta ta riƙe ƙafafunsa a lanƙwashe a buɗe, wato zaman da yake yi a bayan Inna kyauta.

Wani abin dariya kuma, jakar goyon zamani a wurinmu aka gano ta. Wata ma'aikaciyar jinya Ba'amurkiya, Ann Moore, ta yi aiki a Togo a farkon shekarun 1960, ta ga yadda jarirai ke kwance lamo a bayan iyayensu mata. Da ta koma gida ta haihu, sai ita da mahaifiyarta suka ɗinka abin goyo da suka kira Snugli, ta yi masa rajista a 1969. Kayanmu ne ya je yawo ya dawo da maɓallan roba, muka miƙe muna yi masa barka da zuwa.

Ba cewa nake duk jakar goyo banza ce ba. Mai faffaɗan mazauni, wadda ke tallafe cinya tun daga bayan gwiwa zuwa bayan gwiwa, tana da kyau ƙwarai. Tana raba nauyi tsakanin kafaɗa da ƙugu, ba ta danne ƙirji yadda zani ke yi, ba ta kwancewa, kuma uba ma zai iya ɗauka in bai ji kunyar majalisa ba. Dogon ƙyallen ƙirji yana da amfani ga ɗan ƙaramin jariri, don kina ganin fuskarsa, kuma kusa yake da yadda ake manna bakwaini a ƙirjin uwa fata da fata, dabarar da aka fara a Bogota ta Kolombiya a 1978. Aibinsa zafi, ga wuyar naɗi. Amma mai siririn mazauni, wadda yaro ke reto a kan tsakiyarsa ƙafafu na lilo, ita ce kayan aron da ba ya rufe katara, kuma likitocin ƙashi sun fi so a guje mata a wata shidan farko. Ta rataye mai kama da buhu kuwa ko kyauta aka ba ki kada ki karɓa. Jariri kan dunƙule a ciki, haɓarsa ta danne ƙirji, hanyar numfashi ta toshe, ba zai iya ko kuka ba. A watan Maris na 2010 Amurka ta janye irinta guda miliyan ɗaya na kamfanin Infantino bayan mutuwar jarirai uku. Wanda duk ya san yadda gwanjo ke shigo mana ya san abin da aka ƙi a can yana iya ɓullowa a nan.

Haɗarin gaske a goyo ba a ƙafa yake ba, a hanci da wuya yake, kuma nan ne mu masu zani muke da namu sakacin. Jaririn da wuyansa bai tsaya ba, wato kafin wata huɗu ko kusa da haka, dole zani ya hau har ƙeyarsa, fuskarsa a juye gefe, hanci da baki a sarari. Sau nawa muke ganin uwa tana sauri kan ɗanta yana reto a baya kamar zai tsinke? Ki ɗaure zani da kyau, ki ƙara majanyi ƙarƙashin mazaunansa, ki taɓa ki ji gwiwoyinsa sun ɗaga. In ya yi barci ki riƙa kai hannu kina jin numfashinsa, ko ki ce wa na kusa, "Duba min fuskarsa." Wannan ba abin kunya ba ne ko da ɗan fari ne.

Sai maganar hijabi, wadda na san wasu ba za su so ba. A watan Afrilu zafin nan kan haura digiri 40. Ki goya yaro, ki zuba masa ƙaton hijabi mai kauri har ƙasa, ki shiga kasuwar Gujungu tun hantsi har azahar. Iskar da ya fitar ita yake sake shaƙa, gumi ya jiƙa shi, ke kuma kina murna ya yi shiru. Sutura wajibi ce, amma ba ta hana ki ɗage gefen hijabin ta wajen fuskarsa, ko ki zaɓi mara nauyi, ko ki sauke shi a inuwa ki ba shi nono. Kada ki sunkuya kan murhu da goyo, hayaƙin da ke sa ki hawaye huhunsa yake shiga, ga tukunya na tafasa. In za ki hau babur, ki sani in aka faɗi babu zani ko jakar da za ta tare masa kai, ki ce wa ɗan acaɓa ya tafi a hankali, ki kuma tattare bakin zani da hijabi kada taya ta kama. Kuma don Allah a daina ɗaura wa 'yar shekara shida jariri a baya a tura ta talla ko wasan 'yar gala-gala. Ita kanta goyo take buƙata.

In kuma kin ƙudura sai jaka, ki je da yaron a gwada. Ki ja kowane maɓalli da ƙarfi ki ji ko zai ɓalle, ki bi ɗinkin da yatsa, musamman ta gwanjo da rana ta riga ta cinye robarta. Ki duba nauyin da aka rubuta a jikinta. Fuskar jariri ta kalli ƙirjinki, kansa ya zo inda in kin sunkuyar da kai leɓenki zai taɓa shi, yatsa ɗaya aƙalla ya shiga tsakanin haɓarsa da ƙirjinsa. Juya shi yana kallon titi don a yi hoto ya jira sai wuyansa ya yi ƙwari sosai.

Ga lokacin da ya kamata hankalinki ya tashi: yaro ya wuce shekara biyu lanƙwasar tana ƙaruwa, ko ƙafa ɗaya ce kawai ta lanƙwashe, ko wuyan hannunsa ya yi kauri, ko yana kukan ƙafa yana ƙin tafiya, ko kin lura cinya ɗaya ba ta buɗewa kamar ɗayar in kina masa wanka. Ki kai shi asibiti, daga Ringim za a iya tura ku Dutse, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, a ɗauki hoton ƙashin a auna jini. Taushin ƙashi yana jin magani in an zo da wuri. Abin da ba na so in sake gani shi ne wanda na tarar a wani gida bara: an haɗe ƙafafun jaririya 'yar wata biyu, an naɗe su tam da tsumma tun daga cinya har idon sawu, wai don su miƙe. Sai da na zauna na kwance shi da hannuna, kakar tana ta hararata.