Koyon Surfani da Hannu Lokacin Rani

'Yan'uwa, ga shi an kai hatsi rumbu, aikin gona ya yi sauƙi sai damina ta komo. Wanda ba shi da fadama yana iya cin moriyar ranin nan da allura da zare. Kada maza su ce aikin mata ne. Manyan rigunan Zariya da Kano masu aska biyu da aska takwas, tun da can maza ne suke yi musu surfani. Oholiyab ma, wanda aka ambata a Fitowa 38:23, gwanin wannan aiki ne.

Kayan farawa ba su da yawa: allura mai faɗin kafa, almakashi, fensir, zaren surfani da ƙyallen akoko. A wanke akokon tukuna, gama yakan tsuke in ya sha ruwa. Zaren kanti sili 6 ne a haɗe, sai ka raba, ka ɗauki 2 ko 3. Kada tsawonsa ya wuce kamu ɗaya, in ba haka ba zai yi ta sarƙewa. Jan zare kuwa, jiƙa guntunsa a kan farin ƙyalle ka gani ko yana zuba. Na taɓa ganin zanen gado da ya ci aikin wata guda ya lalace a wankin farko saboda rashin yin haka.

Ɗinki na fari shi ne shiga da fita: allura ta nutse, ta fito, tazara daidai. Wannan kowa ya sani. Na biyu shi ne komawa baya. Ka fito da allura gaba kaɗan, ka koma ka soka inda ɗinkin baya ya ƙare. Layin yakan fito ba yankewa, shi ya sa ya fi kyau wajen rubuta suna ko aya a rigar matashi.

Sarƙa ce take ba masu koyo wahala. Fito da allura, ka sāke soka ta a ramin da ta fito, amma kada ka janye zaren duka. Bar ɗan zobe, ka danne shi da babban yatsa. Sai bakin allura ya fito gaba kaɗan, a cikin zoben, sa'an nan ka ja a hankali. In ka ja da ƙarfi zoben zai rufe, ƙyallen ya tattare. In kuma ka soka a gefen ramin, sarƙar za ta buɗe baki. A ƙarshen layi ka ɗaure zobe na ƙarshe da ƙaramin ɗinki, don in ba ka yi ba, jan zare sau ɗaya zai warware aikin duka.

Na huɗu, cike ganye ko fure da zare jere kusa da kusa, a bar shi sai hannu ya faɗa da ukun nan.

Ƙungiya ta haɗa kuɗi ta sayi zare a sari, ya fi araha. Wajen yanka farashi kuma, ku lissafta kwanakin da aikin ya ci, ba kuɗin yadi da zare kaɗai ba.