Mario Ya Haɗu A Akwati Guda, Amma Da Sharaɗi

Duk wanda ya yi ƙuruciya a Samaru ko Sabon Garin Zariya cikin shekarun 1990 ba zai rasa sanin wani ɗan gajeren mutum mai gashin baki da jar hula ba, wanda ba shi da aiki sai gudu da tsalle a cikin telebijin. Sunansa Mario, sana'arsa gyaran famfo. Kamfanin Nintendo na birnin Kiyoto a ƙasar Japan shi ne ya ƙago shi ta hannun Shigeru Miyamoto, ya fara bayyana a wasan Donkey Kong cikin 1981, sa'an nan aka fito da Super Mario Bros. cikin 1985.

Wasan ba shi da wuyar ganewa. Mario zai yi ta tafiya dama, yana tsallake ramuka, yana taka kunkuru, in ya ci naman kaza ya ƙara girma, har ya ratsa matakai 32 ya ceto gimbiya daga hannun dodo. An sayar da fiye da miliyan 40 na wannan wasa a duniya.

To, amma yawancin akwatunan da suka iso kasuwar Sabon Gari ba na Nintendo ba ne, kwaikwayo ne masu araha. Kaset ɗinsu yakan zo da rubutu wai wasanni dubbai ne a ciki, in an kunna sai a tarar 'yan kaɗan ne aka yi ta maimaitawa. Yara ba su damu ba. In kaset ya ƙi, a ciro shi a hura masa iska a mayar. Babbar fargaba ita ce NEPA, domin ba a iya ajiye inda aka tsaya: wuta na ɗaukewa, wanda ya kai mataki na 30 sai ya koma na fari. Iyaye kuwa kukansu shi ne karatu da aike sun sha kashi.

Tun 1993 Nintendo ya haɗa wasannin Mario guda huɗu a kaset ɗaya mai suna Super Mario All-Stars. A yau akwatin Switch, wanda ya fito cikin 2017, yana iya kunna waɗannan tsofaffi da waɗansu na bayansu, watau abin da yaron Samaru ya yi mafarki ya tabbata.

Sai dai akwai sharaɗi. Tsofaffin wasannin haya ce ta intanet wadda aka fara cikin 2018, ana biya da kuɗin waje, ran da mutum ya daina biya a rufe masa ƙofa. Har wa yau, da kamfanin ya haɗa Super Mario 64 da Sunshine da Galaxy wuri guda a watan Satumba na 2020, sai ya tsai da sayarwa a ƙarshen Maris na 2021, abin da ya ɓata wa masu saye da yawa rai.

Ga ma'aikacin gwamnati mai son nuna wa 'ya'yansa wasan ƙuruciyarsa, ko ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello da ke lissafin kuɗin abinci, wannan ba ƙaramin nauyi ba ne, ganin yadda darajar naira ta faɗi tun 2023. Kaset ɗin Sabon Gari, duk da ƙaryar da ke rubuce a bayansa, wanda ya saya ya mallaka: ya ara wa maƙwabci, ya yi musaya, ko ya bar wa ƙanensa.