Leonardo: Daga Ina Sunan Jarumin Titanic Ya Samo Asali?

Duk wanda ya kalli Titanic ya san Leonardo DiCaprio. Amma sunan nan da muke wa kallon na Italiya zalla, tushensa tsohon yaren Jamusawa ne. Kalmomi biyu aka haɗa, ɗaya na nufin zaki, ɗayar kuma ƙarfi ko jarumta. Wato dai mai ƙarfin zaki. Da sunan ya shiga Italiya sai suka liƙa masa "o" a ƙarshe, kamar yadda suka saba da sunayen maza.

Wanda ya fi ɗaukaka shi a tarihi shi ne Leonardo da Vinci, mai zanen Mona Lisa, da aka haifa a 1452. Af, "da Vinci" ɗin ba sunan babansa ba ne fa, ma'anarsa mutumin garin Vinci.

To shi DiCaprio sunan wannan mai zanen ya ci. An ce mahaifiyarsa na ɗauke da cikinsa, tana tsaye tana kallon wani zanen da Vinci a birnin Florence na Italiya, sai ta ji yaron ya motsa karon farko. Shi ke nan, suna ya samu tun kafin a haife shi a Los Angeles a 1974. Ni dai labarin nan ya fi min wasu finafinan daɗi.

A Italiya kuwa, Francesco ya daɗe yana kan gaba a sunayen jarirai maza, sai a 2018 Leonardo ya ƙwace kambun. Masu kallon ƙwallo kuma kar ku ruɗe, Leo na Messi daga Lionel yake, ba Leonardo ba.