Matsalolin ƙone kunkunniya a matatar hayaƙin dizal ta manyan motoci

Matatar hayaƙin dizal, wadda aka fi sani da DPF, na'ura ce da ake ɗaurawa a layin salansar motocin da ke amfani da man gas domin ta tare kunkunniyar da ke fita tare da hayaƙi. Ana yin ta da wani nau'in tangaran mai ɗauke da dubban ƙananan ramuka. Hayaƙi yana ratsa bangon ramukan, kunkunniya kuma ta maƙale. Ta zama ruwan dare a manyan motocin dakon kaya a Amurka daga shekarar 2007, a Turai kuma bayan dokar Euro VI ta fara aiki a 2013. A 2012 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da ke haddasa cutar daji.

Yadda matatar ke wanke kanta

Matatar tana cika, don haka dole a riƙa ƙone abin da ta tara. Hanyoyi uku ne. Ta farko tana faruwa da kanta idan mota na tafiya mai nisa da kaya, inda zafin hayaƙi ya kai digiri 250 zuwa 400 a ma'aunin Salsiyas. A ta biyu, kwamfutar inji ce ke sa a fesa ɗan man gas cikin hayaƙi, man ya ƙone a wata na'ura mai suna DOC da ke gaban matatar, zafi ya haura zuwa kusan digiri 600. Ta uku ita ce wadda direba ke yi mota na tsaye: ya ja birkin hannu, ya sa giya a firi, ya danna maɓalli. Takan ɗauki kimanin minti 20 zuwa awa ɗaya.

Alamomin matsala

Fitilar matatar ce ke fara kamawa a gaban direba. Idan aka yi biris, sai ta koma ƙyaftawa, fitilar inji ta biyo baya, daga nan kwamfuta ta rage wa inji ƙarfi. Sauran alamomin sun haɗa da yawan shan mai, yawan neman ƙonawa fiye da yadda aka saba, da ƙonawar da ke katsewa kafin ta kammala.

Musabbabai

Sau da yawa laifin ba na matatar ba ne, daga inji ko na'urorin aune yake tasowa. Manyan dalilan su ne:

Barin inji a kunne mota na tsaye na tsawon lokaci, ko gajerun tafiye-tafiye a cikin gari, waɗanda ba sa barin salansa ta yi zafi.

Lalacewar nozul ko bawul ɗin EGR, ko yoyon iska a layin turbo, abin da ke sa inji fitar da kunkunniya fiye da kima.

Toshewar ƙananan bututun sensar da ke auna bambancin matsin iska tsakanin gaba da bayan matatar, ko mutuwar sensar zafi.

Toshewar nozul ɗin da ke fesa mai cikin salansa.

Man gas mai yawan sinadarin salfa, wanda ke dakushe aikin DOC. An ƙera waɗannan motoci ne don man da salfarsa ba ta wuce kashi 15 cikin miliyan ba a Amurka, ko 10 a Turai. Wannan ya sa motocin da ake shigowa da su Afirka ta Yamma kan fuskanci matsalar idan suka sha man da ya zarce haka.

Kunkunniya da toka

Kunkunniya tana ƙonewa, amma toka ba ta ƙonewa. Mafi yawan tokar daga baƙin mai take fitowa, shi ya sa ake buƙatar mai irin CJ-4 ko CK-4, wanda tokarsa ba ta wuce kashi 1 cikin 100 ba. Idan an kammala ƙonawa amma matsin iska bai sauka ba, to akwai yiwuwar toka ce ta cika matatar. Maganinta shi ne a kwance matatar a tsaftace ta da injin da aka yi don haka.

Matakan bincike

Makanike yakan fara da haɗa kwamfutar bincike ya karanta lambobin matsala. Lambar SPN 3251 tana nuni ga bambancin matsin iska, SPN 3719 kuma ga yawan kunkunniya. Sai ya gyara duk wata matsalar inji da ta bayyana, domin kwamfuta kan hana ƙonawa muddin akwai irinta. Bayan haka ya duba bututun sensa da wayoyi da yoyon salansa. A ƙarshe ya tayar da ƙonawa yana lura da zafi. Idan zafi bai tashi a bayan DOC ba, ana zargin nozul ɗin salansa ko DOC ɗin kanta.

Haɗari

Tilasta ƙonawa a matatar da ta cika maƙil, ko wadda baƙin mai ya jiƙa, na iya sa zafi ya wuce iyaka har tangaran ɗin ya tsage ko ya narke. Ana kuma yin ƙonawar tsaye ne a fili, nesa da busasshiyar ciyawa da gidan mai. Cire matatar gaba ɗaya laifi ne a dokar Amurka da ta ƙasashen Turai da dama, kuma yana mayar da duk kunkunniyar cikin iskar da jama'a ke shaƙa.