Labari ɗaya, hannu daban: yadda matan Takarazuka ke sayar da wasa guda shekara 50

Yau mun leƙa ƙasar Japan, garin Takarazuka kusa da Osaka, inda wani attajirin jirgin ƙasa, Kobayashi Ichizo, ya kafa ƙungiyar wasan waƙa da rawa a 1913 don ya samo wa jirginsa fasinja. Mata ne zalla a cikinta, su ke fitowa a maza, su ke fitowa a mata. A yau an raba su rukuni 5: Fure, Wata, Ƙanƙara, Tauraro da Sararin Sama, kowane da babbar tauraruwarsa.

Wasan da ya fi ɗaukaka su shi ne "Furen Bersai", daga littafin zane na Ikeda Riyoko. Labari ne na fadar Faransa gab da juyin juya halin 1789: ga sarauniya Mari Antuwanet da masoyinta Farsan ɗan Suwidin, ga Oskar, ƴar janar da aka rene ta kamar namiji har ta shugabanci dogaran fada, ga kuma Andire, baran gidansu da ke sonta a ɓoye.

Lokacin da rukunin Wata ya fara shi a 1974, talabijin ta janye musu ƴan kallo, masoya littafin kuma suna ta aiko da wasiƙun fushi, wai za a ɓata musu Oskar. Sai ga shi kafin ƙarshen 1976 mutum fiye da miliyan ɗaya sun kalla.

To ina sirrin? Kowane rukuni ya karɓi wasan, sai a sake yanka labarin daidai jikin tauraruwarsa, kamar yadda tela ke yi da yadi. A 1974 sarauniya ce a tsakiya, Haruna Yuri tana Oskar. A 1975, a rukunin Fure, aka mai da hankali kan Andire da Oskar: Haruna ta koma Andire, Anna Jun mai zaƙin murya ta karɓi Oskar. A 1976 rukunin Tauraro ya ɗora labarin kan Farsan, domin ya dace da tsayi da kwarjinin Otori Ran. Hatta ƙarshen wasan yakan sake. In Oskar ce gaba, a kan ga mutuwarta wajen yaƙin Bastiy. In Farsan ne, a kan rufe da sarauniya tana hawa matakala zuwa wurin da za a sare mata kai.

Shi ya sa ƴan kallo, waɗanda galibinsu mata ne, ba sa cewa "ai mun riga mun gani". Uwa ta ga Oskar ɗin zamaninta, ɗiya ta ga ta nata, su zauna suna gardamar wadda ta fi. Wannan gardama ita ke sayar da tikiti. A 2024, da wasan ya cika shekara 50, rukunin Ƙanƙara ya sake yin na Farsan, kuma da shi tauraruwarsu Ayakaze Sakina ta yi ban kwana da ƙungiyar.

Abin lura ga ƴan kasuwa maza da mata: tauraruwa takan tafi, amma ba a bari ta tafi da masu saye. Tun tana nan ake horar da ta bayanta, in ta hau kuma ba a tilasta mata ta sa rigar wadda ta gada, sai a ɗinka mata tata. Mai shirin miƙa rumfa ga ɗa ko ɗiya, ga abin dubawa.